Darasi na Tara: Bin Sawun Kaka a Tsofaffin Takardun Gona da na Haraji

Yawancinmu mun san sunan uba, mun san na kaka. Daga nan sai lissafi ya tsaya, a ce ai mutanen da ne. To, mutanen da ɗin nan sun sayi gona, sun jinginar, sun biya haraji, sun je gaban alƙali rabon gado, kuma a duk waɗannan wurare akwai malamin da ya zauna da alƙalami ya rubuta. Tunda yanzu ka iya haɗa baƙi, a wannan darasi za mu koyi inda ake neman irin waɗannan takardu, da yadda ake karanta su a gane wane ne kakanka, ina ya zauna, da me yake ci da iyalinsa.

Fara daga cikin gida

Kada ka tashi ka hau mota tukuna. Sayi goro ka je wurin mafi tsufa a danginku. Tsofaffi ba su riƙe shekara da lamba ba, saboda haka in ka ce "a wace shekara" ka rufe bakin zance. Ga yadda ya fi:

"Gwaggo, da Malam Babba ya sayi gonar bakin rafi, wa ke sarauta?"

"Kai ɗan nan, ai zamanin Sarki Alhaji ne, ina 'yar tallar fura."

Ka samu abin kamawa. Mutanen Kano na kiran Sarki Abdullahi Bayero da Sarki Alhaji, kuma ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953. Kafin shi Usman ne, daga 1919 zuwa 1926, kafin Usman kuma Abbas, daga 1903 zuwa 1919. A Katsina, Sarki Dikko ya rasu a 1944, Usman Nagogo ya gaje shi har 1981. Akwai kuma shekarun da ba a mantawa: zuwan Turawa Kano da Sakkwato a 1903, isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, yunwar Kakalaba ta 1914, annobar marisuwa ta 1918. Ka tuna da alkunya. Tsohuwa ba za ta kama sunan mijinta ko na ɗan farinta ba, kada ka matsa mata, wani za ka tambaya.

Daga nan ka nemi izini a buɗe adaka. Takardar gona takan kwana a ƙasan adakar tsohuwa a ƙarƙashin zannuwa, ko a cikin gafaka tare da littattafan malamin gida. Za ka gan ta a ninke gida huɗu, ta yi ja, gara ta ɗan ci gefenta. Buɗe ta a hankali a kan tabarma da busasshen hannu. Kada ka manna ta da salatif. Ɗauki hotonta da waya, gaba da baya, ka mayar da ita inda take.

Abin da takardar gona ke faɗa

Tsofaffin takardu yawanci da ajami ko Larabci aka rubuta su. In boko kaɗai ka iya, kai wa malamin zaure ya karanta da ƙarfi, kai kana rubutawa. Za ka ji sunan wanda ya sayar da na wanda ya saya, da kuɗin, da iyakokin gonar, da shaidu. A ƙasa akan sami hatimin alƙali ko sa hannun dagaci, wani lokaci da dangwalen yatsa.

Mutane kan yi sauri su wuce iyaka da shaidu, alhali a ganina nan ne tsokar take. In takarda ta ce gabas ta yi iyaka da gonar wane maƙeri, yamma da burtali, kudu da kuka, arewa da gonar wane ɗan wane, ka san maƙwabtan kakanka ke nan. Jikokinsu suna nan, kuma wataƙila tasu takardar ta ambaci kakanka da sana'arsa ko garin da ya fito. Burtali na nuna shanun Fulani na bi ta wurin. Kuka kuwa takan daɗe ta fi mutum, ƙila har yanzu tana tsaye ka je ka gan ta. Shaidu kuma ba a tsinto su a hanya: yawanci ƙane ne, ko suruki, ko limamin unguwa.

Kula da kalmar cinikin. Saye daban, jingina daban, aro daban, kyauta daban. Wanda ya jinginar da gona ya karɓi kuɗi ne, gonar na hannun mai kuɗin har ranar da aka fanshe ta. In ka ga kakanka ya jinginar a shekarar yunwa, ka fahimci halin da gidan ya shiga. A nan sai na ja kunnenka: labari muke nema. Tsohuwar takarda ba dalilin tayar da rigimar gona da maƙwabta ba ce. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna a matsayin amana, kuma maganar mallaka ta kotu ce da masana doka.

Gano shekara

In takarda ba ta da kwanan wata, dubi kuɗin. In da kuɗin wuri aka yi cinikin, ta tsufa ƙwarai, ta farkon zamanin Turawa ce ko kafin nan. In fam da sule ne, kafin 1973 ne, domin a watan Janairun shekarar aka fara kashe naira. A lokacin, sule 20 ne fam ɗaya, kwabo 12 ne sule ɗaya, sisi kwabo 6, taro kwabo 3.

In shekarar Hijira aka sa, ga lissafin. Raba shekarar da 33, cire abin da ka samu daga cikinta, sannan ka ƙara 622. Misali 1360: in ka raba da 33 za ka sami 41. Cire 41, saura 1319. Ƙara 622, ya zama 1941. Lissafin kan iya kuskure da shekara ɗaya, wannan ba komai.

Haraji, gado da ƙidaya

A zamanin En'e, mai unguwa da dagaci da malamin haraji ke rubuta sunayen magidanta da samarin da suka isa biya. Wanda ya biya a ba shi rasit, kuma mutane na adana shi sosai, don matafiyi marar rasit na iya kwana a hannun dogarai. A ƙasar Kano har malaman taki aka yi, masu auna gona da taku a yanka mata kuɗi gwargwadon girmanta. Masu shanu jangali suke biya. Gwamnonin Kano da Kaduna, Abubakar Rimi da Balarabe Musa, sun soke haraji da jangali a jihohinsu a 1979. Rasit ɗaya na iya ba ka suna, da ƙauye, da gunduma, da shekara. Amma kada ka ɗauki adadin shanun da ke rasit ɗin jangali a matsayin duk dukiyar mutum, an sha kora garke daji in masu ƙirga sun doso.

Yawanci mata ba sa cikin jerin haraji. Kakarka mace a takardar rabon gado za ka same ta, inda alƙali ya lissafa matan mamaci da tumuninsu, da 'ya'ya maza da mata kowa da sunansa da rabonsa. Babu takardar da ta kai wannan tara sunayen gida guda.

Ƙidayar jama'a kuwa kada ka dogara da ita. An yi a 1931, da 1952, da 1963, da 1991, da 2006, an kuma soke ta 1962 da ta 1973. Abin da aka buga adadi ne, ba sunaye ba. Za ta gaya maka yawan mutanen gundumarku, shi ke nan.

In gida ya ƙare

Tambayi gidan dagaci da na hakimi, wasu na riƙe da tsofaffin littattafai. A Kaduna akwai Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa, inda aka tara fayil-fayil na lardunan Arewa, har da rahotannin da Di'o ke rubutawa in ya zaga gunduma don yanka haraji. Da Turanci suke, sai ka tafi da ɗanka ko ƙanenka mai karatu. In kakanka talaka ne da wuya ka ga sunansa, amma za ka ga sunan ƙauyenku, da dagacin lokacin, da abin da ake nomawa, da yawan masaƙa da maƙera da marina. Akwai kuma Gidan Arewa a Kaduna, tsohon gidan Sardauna, da Gidan Ɗan Hausa a Kano.

Duk inda ka je, ka yi hattara da suna. Garba da Habu da Buba duk Abubakar ne. Shehu da Mani Usman ne, Sanda Umaru ne, Iro Ibrahim ne. Mutum guda na iya fitowa da sunan yanka a takardar alƙali, da laƙabi irin su Tanko ko Dogo a jerin haraji. Haka kuma ƙauye ɗaya na iya samun Mamman biyar. Kada ka ce ga kakana sai sunan uba, ko sana'a, ko iyakar gona ta goyi bayan sunan.

Aikin gida

Ja layi uku a littafinka. A na farko rubuta abin da ka gani a takarda, a na biyu abin da aka gaya maka da sunan dangantakar wanda ya faɗa, a na uku abin da kake zato. Kada ka bari na uku ya tsallaka cikin na farko. Sannan ka juya waɗannan shekarun Hijira zuwa na Miladiyya: 1345, 1372, 1390. Ka zo da amsarka da hoton takarda ɗaya ranar aji mai zuwa, za mu karanta tare.