Kurakuran da aka fi yi wajen kallo da ajiye hotunan ukiyo-e na Jafan

Mutum zai ga hoton mace tana gyara gashi gaban madubi, a ce masa aikin mai zanen Jafan Kitagawa Utamaro ne, sai ya ɗauka Utamaro ne ya zauna da burushi ya shafa kowace kala. Ba haka ba ne. Galibin ukiyo-e, wato irin waɗannan hotunan Jafan na dā, bugu ne da sassaƙaƙƙen katako a kan takarda, kuma mutum huɗu ke da hannu a ciki: mai zuba jari irin Tsutaya Juzaburo, mai zane, masassaƙi da mai bugawa. Masassaƙi kan manna zanen a jikin katako ya sassaƙe shi, shi ke nan zanen asali ya tafi. Sannan kusan kowace kala da katakonta, salon da ya kankama a 1765 da ayyukan mai zane Suzuki Harunobu. Saboda haka in ka ga hoto iri ɗaya a gidajen tarihi biyu, kada ka yi saurin cewa ɗaya jabu ne. Da yawa ake bugawa a sayar wa jama'ar birnin Edo, wato Tokyo ta yau, da araha.

Kuskuren da ya fi ba ni haushi shi ne kiran duk macen da ke cikin hotunan "geisha", wato mai nishaɗantar da baƙi da kiɗa da rawa. Dubi ɗamararta, wato obi. In an ƙulla ta ta gaba, ga tsinken gashi birjik a kai, yawanci 'yar unguwar Yoshiwara ce, inda mata masu zaman kansu suke. Geisha ta baya take ƙullawa. Hannun riga mai tsawo har yana reto alamar budurwa ce. Baƙin haƙori kuwa ba ciwo ba ne, ado ne, galibi na matan aure. Wasu matan hotunan ma masu sayar da shayi ne, wasu uwa ce da jariri.

Rubutun da ke jikin hoton daga dama ake fara karanta shi, sama zuwa ƙasa.

Sai ajiya. Yawancin kalolin dā daga tsirrai ake samunsu, rana na cinye su, musamman shuɗi da ruwan hoda. Kada ka rataye inda haske ke duka, kada ka sa salatif ko gam, kada ka datse gefe don ya shiga firam. In za ka saya, juya bayan takardar. Bugun hannu yakan nuna kala ta ratso, da sawun baren, faifan da ake murza takardar da shi.