Yadda za ki sa shi ya yi gwajin HIV ba tare da an ɓata ba

Ƙanwata matso kusa, da ke nake, ke da ake ta sallama da ke a ƙofar gida ko kuma an riga an kawo kuɗin gaisuwa ana jiran sa rana. Akwai mata da yawa da ke karɓar maganin HIV yau waɗanda namiji ɗaya tak suka sani a rayuwarsu, ba yawo suka yi ba, shi ne ya shigo musu da ita har ɗaki, wani ma shi kansa bai san yana ɗauke da ita ba.

Babban binciken da aka yi a Najeriya a 2018, wanda ake kira NAIIS, ya nuna a cikin 'yan shekara 15 zuwa 49 mata kashi 1.9 cikin 100 ne ke ɗauke da cutar, maza kuma kashi 0.9. In aka zo kan 'yan shekara 20 zuwa 24 kuwa, matan sun ninka mazan fiye da sau uku. To daga ina suke samu in samari sa'anninsu ba su cika ɗauke da ita ba? Sau da yawa daga manya ne. Mutumin da ya ba ki shekara 15, ya yi aure ya saki, ya yi ci-rani, ya kwana a garuruwan da ba ki taɓa jin sunansu ba, tarihinsa ya fi naki tsawo nesa ba kusa ba. Ga shi kuma shi ke sa miki data, shi ya canza miki waya, shi ke biyan kuɗin makaranta, sai bakinki ya yi nauyi. Sannan jikin yarinya ƙarama, musamman bakin mahaifa da bai gama ƙwari ba, ya fi saurin ɗaukar ƙwayar cutar.

Abu na farko, cire maganar duba da ido. Wai ai ga shi ɓul-ɓul, ga tumbi, ga saihu a goshi. Mutum zai iya shekaru da HIV a jikinsa ko ciwon kai bai dame shi ba.

Sai ki fara da kanki. Ki je asibitin gwamnati ki yi naki, ki ga yadda abin yake don tsoron ya fita. Ɗan yatsa za a tsira a ɗiga jini a kan wani ɗan tsinke mai kama da na gwajin ciki, minti 15 zuwa 20 an gama. Layi ɗaya babu, layi biyu sai an sake tabbatarwa da wani gwajin kafin a ce miki komai.

Yanzu kan yadda za ki kawo masa maganar, nan ne ake yawan kwafsawa. Kar ki ce "ina so ka je ka yi gwaji", wallahi ji zai yi kamar kin kira shi mazinaci, daga nan sai fushi da kashe waya kwana uku. Ki sa kanki a ciki. Ki bari sai hira ta yi daɗi ki ce, "Yaya, ni fa ina so mu je a duba mu tare, da jinotaif da ciwon hanta da HIV duka a rana ɗaya, in huta kai ma ka huta." Kin ga kin lulluɓe ta cikin sauran. In kunya ba za ta bar ki ba, ki faɗa wa gwaggo ko yayarki ta kai wa Baba, waliyyi ya sa shi cikin sharaɗi. 'Yan Kano ma an rage muku aiki, tun 2024 gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin ɗaurin aure, har da HIV a ciki, sai ki ce ai doka ce ba ni na ce ba.

Amma don Allah ku je TARE. Na taɓa ganin bikin da ango ya aiko abokinsa da takarda a ninke cikin ambulan, ga hatimi ga sa hannu, kowa ya ce Alhamdulillah aka ci gaba da rabon alawa. Babu wanda ya ga lokacin da aka ɗebi jininsa. Ban ce yana da wani abu ba, Allah ne masani, amma takarda kam ana sayenta, kowa ya san haka. Ki zauna kusa da shi a benci ɗaya, a tsire ku a gaban juna, ku nemi ma'aikaciyar ta faɗa muku sakamako kuna tare.

Wani abin da ba a cika faɗa ba, gwaji ɗaya bai wadatar ba. In mutum bai daɗe da kamuwa ba, irin wannan gwajin na gaggawa zai iya nuna babu har kusan wata uku. Saboda haka ku yi ɗaya lokacin sa rana, ku sake wani dab da biki, ya zama akwai wata uku a tsakani. Tunda dama ana ɗaukar watanni ana haɗa lefe, ai lokaci akwai.

In ya ce miki ai shi da kaciyarsa ba ya ɗauka, ki ce masa kaciya tana rage wa namiji haɗari da kusan kashi 60 cikin 100 ne, ba ta hanawa gaba ɗaya, kuma in ya riga ya kamu ba ta kare ki da komai.

Bayan aure ma ba a rufe littafin ba. In zai ƙara aure, budurwa ce ko bazawara, a gwada shi da amaryar kafin ta tare, don gidan kishiya abin da ya shiga ɗaki ɗaya zagayawa yake. Wannan ba kishi ba ne, kuma ki faɗa da sanyin murya don kar a ce kishin ne. In kin ga ƙuraje ko gyambo ko ruwa mai wari a gabanki, ku je asibiti ku biyu, ciwon sanyi yana buɗe wa HIV ƙofa, kuma in ke kaɗai kika sha magani shi zai sake dawo miki da shi. A bar jiƙe-jiƙen 'yan tasha.

To in ya ƙi fa? Saurayin da ya ƙi ba da minti 20 ya riga ya ba ki amsa, ni dai a ganina. In kuma mijinki ne kuma hankalinki bai kwanta da shi ba, ga shi ko sunan kwaroron roba ba ya son ji, ki tambayi ɓangaren masu HIV a asibiti maganar PrEP, magani ne da wanda ba shi da cutar ke sha don kariya. In kuwa an yi miki fyaɗe ko wani abu ya faru ba kariya, akwai PEP, maganin gaggawa da ake sha bayan abin ya faru don hana kamuwa, dole a fara shi cikin awa 72, ana sha kwana 28. Kar ki tsaya jiran taron dangi su gama shawarar rufa asiri, ki fara zuwa asibiti.

In aka gwada ya fito yana da ita, ki ja bakinki tukuna, ba labarin sawa a guruf ɗin ƙawaye ba ne. Maganin kyauta ake bayarwa a asibitocin gwamnati, kuma wanda ke sha kullum har awo ya nuna ƙwayar ta kwanta ba a ganinta a jini, yawanci cikin wata shida, ba ya sa wa matarsa ta hanyar kwanciya, ana haihuwar yara lafiya lau. Ki aure shi ko ki fasa wannan ke da iyayenki ne, amma kafin ki ce komai ku koma wajen likitan tare, ki tambaya da bakinki yaushe zai fara magani kuma yaushe za a yi awon jinin na gaba.