Idan Ƙiyasin Banki Ya Kuskure Darajar Gidan da Za Ka Saya a Ingila: Yadda Ake Neman Haƙƙi

Duk wanda zai sayi gida da rancen banki a Ingila ko Wales, sai bankin ya sa safiyo, wato ƙwararren mai duba gine-gine, ya ƙiyasta darajar gidan kafin ya saki ko fam ɗaya. Haka abin yake ko rancen mai ruwa ne, ko tsarin Musulunci na sayen gida da haɗin gwiwa irin wanda Gatehouse Bank ke yi. Wannan ƙiyasi domin banki ake yin sa, ko da kuwa kai ka biya kuɗin aikin. Bankin na son ya tabbatar cewa idan ka kasa biya, zai sayar da gidan ya mayar da kuɗinsa. Safiyon kan shafe minti ashirin ko talatin kawai, ba ya ɗaga kafet, ba ya matsar da kabad, wani lokaci ma ba ya zuwa gidan, daga kwamfuta yake fitar da adadi. Daga nan ne ƙarfin ƙorafinka da rauninsa suke tasowa. Skotland tsarinta daban ne, bayanin nan bai shafe ta ba.

Kuskuren iri biyu ne. Na farko shi ne ƙiyasi ya zo ƙasa da farashin da kuka daidaita da mai gida. A ce kun shirya a kan fam 250,000, banki zai ba da kashi 90 cikin 100. Idan safiyo ya ce gidan fam 235,000 ne, rancen zai sauko daga fam 225,000 zuwa fam 211,500, domin banki da adadin da ya fi ƙanƙanta yake lissafi. Giɓin fam 13,500 ya dawo kanka.

A nan ba maganar diyya ake yi ba, neman a sake dubawa ake yi. Ka roƙi dillalin rancenka, wato wanda ya haɗa ka da bankin, ya karɓo takardar ɗaukaka ƙorafi ta bankin a ranar da ka ji labari, saboda wa'adin kan zama 'yan kwanaki ne. Abin da ake nema shi ne gidaje uku masu kama da naka, a unguwa ɗaya, waɗanda aka riga aka sayar a cikin watanni shida da suka wuce: adireshi, ranar ciniki, farashi, yawan ɗakuna da faɗin gida. Ana samun farashin a rajistar filaye ta gwamnati, HM Land Registry, kyauta. Masu ƙorafi da yawa a nan suke faɗuwa, domin sukan kawo farashin da aka sa wa gidajen da ke kasuwa, alhali safiyo da farashin da aka biya kaɗai yake aiki. Rajistar kan yi jinkirin watanni, don haka ka tambayi dillalan gidaje na yankin cinikin da suka kammala kwanan nan. Ka kuma karanta rahoton da idon neman kuskuren zahiri: an rubuta ɗaki uku alhali huɗu ne, an manta gareji, an kuskure shekarun da suka rage a hayar filin idan gidan a kan filin doguwar haya yake. Irin wannan ya fi saurin sauya adadi fiye da doguwar muhawara.

Gaskiya safiyoyi ba su cika janye adadinsu ba. Hanyar da ta fi yin aiki ita ce ka kai wa mai gida rahoton ka nemi ragi, tunda duk mai saye da rance zai iya cin karo da abin da ka ci karo da shi. Za ka iya komawa wani banki, amma ka tambaya wane kamfanin safiyo yake amfani da shi, domin bankuna da dama kamfani ɗaya suke tura wa aiki. Kada ka yarda a yi musayar takardun yarjejeniya kafin a warware wannan. Bayan musaya ciniki ya ɗaure ka, kuma kafin alƙalaminka, wanda yawanci kashi 10 cikin 100 ne, yana cikin haɗari.

Kuskure na biyu ya fi ciwo: ka saya, ka tare, sannan ka gano tsagewar bango daga tushe, ko rufi mai ɗiga, ko danshin da ya ci katako, abin da ya kamata safiyo ya gani ya rage darajar gidan saboda shi.

Doka ta buɗe ƙofa a nan. A shari'ar Smith da Eric S Bush, wadda kotu mafi girma a Birtaniya ta yanke a 1989, wata mata ta sayi ƙaramin gida a Norwich bisa dogaro da ƙiyasin da aka yi wa mai ba ta rance. An cire ginin da ke tallafe bututun hayaƙi daga ƙasa, safiyon bai leƙa ya ga ko an tokare na sama ba, daga baya tubalan suka rufto cikin gidan. Kamfanin safiyon ya kafa hujja da sharaɗin da ya rubuta cewa ba ya ɗaukar alhaki. Kotu ta ce sharaɗin bai dace ba a ƙarƙashin dokar 1977 kan sharuɗɗan zalunci a yarjejeniya, domin kowa ya san mai sayen gida madaidaici da wannan rahoto yake dogara. Sai dai ƙofar ba ta kowa ba ce. A shari'ar Scullion ta 2011, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce wanda ya sayi gida don ya sa 'yan haya ba ya cikin wannan kariya. Haka kuma dole ka nuna ka dogara da rahoton, abin da ke da wuya idan banki bai taɓa nuna maka shi ba, kamar yadda bankuna da yawa ke yi yanzu.

Sannan ba kowane saɓani ne sakaci ba. Kotuna sun yarda ƙwararru biyu za su iya bambanta, don haka ana barin tazara: kimanin kashi 5 cikin 100 sama ko ƙasa ga gida na gama-gari, kashi 10 ga wanda ba shi da irinsa da yawa, har 15 ga mai siffa ta musamman. A gidan fam 250,000, kuskuren da bai wuce fam 12,500 ba da wuya ya kai ka ko'ina.

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne ma'aunin diyya. Ba kuɗin gyara ake biya ba, bambancin da ke tsakanin abin da ka biya da ainihin darajar gidan da lahaninsa a ranar saye ake biya. A shari'ar Watts da Morrow ta 1991, masu gidan sun kashe kusan fam 34,000 wajen gyara, amma kotu ta ba su fam 15,000, da fam 750 kowannensu na wahalar da suka sha. Ka yi wannan lissafi kafin ka ɗauki lauya.

Ga yadda ake bi. Kada ka fara gyara, sai abin da zai hana ɓarna ta ƙaru. Idan ka rufe tsagewar ka shafe shaidarka. Ka ɗauki hotuna masu kwanan wata, ka nemo hotunan tallan gidan na lokacin saye, waɗanda kan nuna cewa alamar tana nan tun da. Idan ba ka da rahoton, ka nema a rubuce a ƙarƙashin dokar kare bayanan mutum. Banki na da wata ɗaya ya amsa. Sai ka ɗauki wani safiyo mai rajista da RICS, hukumar ƙwararrun safiyoyi, ya amsa tambaya biyu: shin lahanin yana bayyane ga mai ɗan gajeren dubawa a ranar, kuma nawa ne darajar gidan a wannan ranar, ba ta yau ba.

Da wannan rahoto za ka rubuta wa kamfanin safiyon. Duk kamfanin da ke ƙarƙashin RICS wajibi ne ya kasance da tsarin karɓar ƙorafi, da inshorar kuskuren aiki, da wata hukumar sulhu mai zaman kanta da za a wuce gare ta, kamar CEDR ko The Property Ombudsman, wadda diyyarta ba ta wuce fam 25,000. Ita RICS ladabtar da 'ya'yanta take yi, ba ta biyan diyya. Idan laifin na banki ne, misali ya ƙi duba ƙorafinka ko ya sayar maka da wani irin binciken gida ya kawo wani, yana da mako 8 ya ba da amsar ƙarshe, kai kuma kana da wata 6 daga amsar ka kai ƙara Financial Ombudsman Service, kyauta. Wannan hukuma halin banki take dubawa. Idan ya tura ƙwararre mai takarda, ba ta cika shiga cikin adadin da ƙwararren ya fitar ba.

Idan asarar ta fi ƙarfin sulhu, lauya zai aika wasiƙar da'awa. Kamfanin safiyon na da kwana 21 ya nuna ta iso, da wata 3 ya yi bincike ya amsa. Ka duba inshorar gidanka, wasu na ɗauke da kuɗin lauya. Wa'adin shigar da ƙara shekara 6 ne daga lokacin da asara ta same ka, wanda yawanci ranar saye ce, ko shekara 3 daga lokacin da ka gano matsalar ko ya kamata ka gano, amma ba ya wuce shekara 15 daga ranar ƙiyasin. Zaman jiran sulhu ba ya tsayar da wannan wa'adi, don haka idan ya kusa cika, lauya ya nemi kamfanin ya sa hannu a yarjejeniyar dakatar da shi.

Wanda bai kai ga musayar takardu ba tukuna, kada ya yi cinikin biri a sama: ya biya nasa binciken na RICS, mataki na 2 ga gida na zamani mai lafiya, mataki na 3 ga tsohon gida ko wanda aka yi wa sauye-sauye. A nan yarjejeniya tsakaninsa da safiyon take kai tsaye, kuma ya nemi a haɗa masa da ƙiyasin daraja a rubuce, domin ba kowane bincike ne ke zuwa da shi ba.