Darasi na 7: Kututturen Gona Bai Mutu Ba

Duk manomin gero ya san wannan takaici. Ruwan shuka ya sauka, an yi shuka, tsiro ya fito, sai iska ta taso da rairayi ta binne shi. A sake shuka, wata shekara har sau uku. Gonar da aka share tas, ba itace ko ɗaya, ita iska ta fi yi wa ɓarna.

A 1983 wani malamin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, yana aiki a jihar Maradi. Ya lura cewa tsirran da ake sarewa lokacin sassabe ba ciyawa ba ne. Saiwar itatuwa ce da ranta a ƙasa, tana neman tashi. Farin 1984 ya sa mutane suka fara sauraron shawararsa ta a bar tsirran su girma, ko da yake an yi ta yi wa na farko dariya, wai sun bar gona da ƙazanta. Yau filin da ya farfaɗo ta wannan hanya a Nijar ya kai hekta miliyan 5. Ba a sayi dashe ba, ba a yi ban-ruwa ba.

Ga yadda ake yi. Kafin sassabe, ku zaga gona ku duba kututturen gawo, kalgo, sabara ko aduwa. A kowane kututture ku bar rassa uku zuwa biyar, miƙaƙƙu masu ƙarfi, ku sare sauran. Adda ta zama mai kaifi, kuma a yi saran daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage. Ku ɗaura tsumma a jikin rassan, kowa ya san da mai shi.

Gawo dai ya fi su duka. Da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya yi wa gero inuwa, ganyen kuma ya zama taki. Da rani awaki su ci 'ya'yansa.

Sai dai mutum ɗaya ba ya tsare itace. Ku zauna gaban maigari, da makiyaya da mata masu neman itacen girki, a yi dokar da kowa ya yarda da ita.

Aiki: Rubuta sunayen itatuwa huɗu da ke gonarka. Idan ka bar kututture 12, kowanne da rassa 4, rassa nawa ke nan?