Kama Birki a Gangaren Jos Ba Tare da Faɗuwa Ba

Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, kuma duk mai hawa keke tsakanin Tudun Wada, Gada Biyu da Farin Gada ya san rabin tafiyarsa hawa ce, rabi gangara. A gangarar ake gane wanda ya iya birki.

Kafin ka hau, gano hannun da ke riƙe da birkin gaba. Kekunan Ingila irin su Raleigh suna sa shi a dama, na Amurka a hagu, kuma kekunan gwanjo gauraye suke zuwa. Matsa hannu ɗaya ka tura keken, ka ga tayar da ta tsaya. Idan hannun birki ya taɓa kan keke, waya ta saki, a ɗaure ta. Dubi robar birki: in tsagar da ke jikinta ta shafe, canja ta. Robar ta zauna sosai a kan rim, wato zoben da taya ke zaune a kansa, domin in tana gogar taya za ta cinye gefenta har ta fashe.

Mutane da yawa suna tsoron birkin gaba, wai yana sa adungure. Alhali shi ne ke tsayar da keke. Da ka kama birki, nauyinka yana zubowa gaba, tayar gaba ta danne kwalta, ta baya kuma ta yi sakayau. Shi ya sa mai dogaro da na baya kaɗai yake jin taya tana jan ƙasa, keken kuma bai tsaya ba. Abin da ke wurgar da mutum shi ne cafke birkin gaba farat ɗaya, hannuwa a sake, jiki ya wuce kan keke. Maganinsa: sa yatsu biyu a kowane hannun birki, matsa duka biyun a hankali kamar mai matsar lemo, kana ƙara ƙarfi. Tokare hannuwanka, ka ja ɗuwawu zuwa bayan sirdi, fedodi a kwance daidai da juna. In ka ji tayar baya ta ɗaga, sassauta na gaba nan take.

A doguwar gangara kada ka riƙe birki tun daga sama har ƙasa. Rim zai yi zafi, roba ta rage kamu. Kama, saki, sake kamawa. Kuma ka tuna in gudu ya ninka biyu, tazarar tsayawa ninki huɗu take yi. Rage gudu kafin ka shiga kwana, ba a cikinta ba.

Damina na da nata hukunci. Jiƙaƙƙen rim sai ya zagaya sau biyu ko uku kafin roba ta share ruwan ta kama, rim ɗin ƙarfe na tsofaffin kekuna kuwa ya fi kowanne santsi. Fara birki da wuri. Yashin da ruwa ke tarawa a bakin titi shi ne wurin da za ka bar birkin gaba ya huta: tayar gaba in ta zame, ba ta ba ka damar gyarawa.

Sauka ma aiki ce. Sauko da giya tun kana tafiya. Kai feda ɗaya ƙasa, tsaya a kanta, zamo gaba daga sirdi, sannan ka ajiye ɗaya ƙafar bayan keken ya tsaya cak. Masu neman ƙasa da yatsun ƙafa suna zaune su ne ke tangal-tangal a gaban masu Keke Napep a Terminus. Kada ka sassauko da sirdi saboda haka. Daidaicinsa shi ne ƙafa ta miƙe in ka ɗora diddige a kan fedar ƙasa. Idonka kuma ya kasance inda kake son zuwa, domin wanda ya ƙura wa rami ido, cikinsa yake faɗawa.

Nemi fili marar motoci, ja layi a ƙasa, ka gwada tsayawa a kansa sau goma, kana ƙara gudu kaɗan-kaɗan.