Kurakuran da aka fi yi idan giyar otomatik ta tsohuwar a-kori-kura ta fara gardama

A Suame Magazine, unguwar makanikai da ke Kumasi a Ghana, da mai mota ya ce giya ba ta canzawa, sai ka ji an ce a sauke ta, ko a nemo wata ta gwanjo. Alhali da yawa daga cikin giyoyin da ake saukewa a Kumasi lafiyarsu ƙalau. Laifin yana wajen mai, ko waya, ko wata 'yar na'ura da kuɗinta bai kai na sauke giyar ba.

Kuskuren farko shi ne awon mai. Ana zaro sandar awo mota a kashe, kamar yadda ake yi wa baƙin mai, sai a ga ya cika har ya wuce, saboda man ya gangaro ya taru a kasko. Man giya sai mota ta yi tafiya ta ɗau zafi, an tsayar da ita a wuri mai shimfiɗe, inji yana aiki, an bi da sandar giya ta kowane matsayi ana ɗan dakatawa, sannan a mayar P a auna. Tsofaffin Dodge Ram kuwa a N ake auna su. Idan mai ya yi kaɗan, famfo yana zuƙar iska, mota ta yi jinkirin shiga D, ko ta saki giya a kwana. Idan ya yi yawa, ƙarafan ciki suna kaɗa shi ya yi kumfa, alamun kuma su zo iri ɗaya. Shi ya sa mai ƙara lita guda ba awo yakan ƙara wa kansa ciwo.

A ɗiga man a farar takarda, a shinshina. Ja ko ja mai ɗan duhu ba laifi. Baƙi mai ƙauri yana nufin faifan kuloci na ciki sun ƙone. Idan ya koma kamar madara mai ruwan hoda, ruwa ne ya shiga ta bututun sanyaya mai da ke cikin lagireto. A nan canjin mai kaɗai asarar kuɗi ne, sai an canza lagireto, kuma ruwa yana ɓamɓare fatar kuloci.

Irin man ma ba a yi masa kuɗin goro. Tsohuwar giyar A340 ta Toyota, wadda ke cikin Hilux da 4Runner, Dexron II ko III aka yi ta da shi, Mitsubishi da yawa SP-III, Dodge ATF+4, wasu Ford kuma Mercon V. Yawanci an rubuta a jikin sandar awo. Kuma idan aka kwance ƙusar kaskon A340, abin da ke fita bai fi lita 2 ba, alhali giyar tana ɗaukar sama da lita 7. Sauran yana cikin bututu da konbata, wato ƙoƙon nan mai cike da mai da ke haɗa inji da giya. Wanda ya zubar ya juye lita 4 don galan ɗin da ya saya ke nan, ya cika ta fiye da kima.

Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne rashin raba ciwon lantarki da ciwon ƙarfe. Mai mota zai ce, “Masta, motar ba ta da ƙarfin tashi, giya tana sulɓi.” Sau da yawa ba sulɓi ba ne, motar tana tashi ne da babbar giya saboda wuta ba ta kai wa solinoyid, wato 'yan na'urorin lantarki da ke buɗe wa mai hanya ya canza giya. A340 idan ta rasa wutar solinoyid biyu masu canza giya, a D da giya ta huɗu take tashi. 4L60E ta Chevrolet da GMC da ta uku take tashi, haka RE4R01A ta Nissan. Fis ɗaya, ko soket da ya sha laka, ko wayar da salansa ta ƙona ya isa ya jawo wannan.

Gwajin A340 mai sauƙi ne, abin takaici ba a cika yin sa ba. A cire soket ɗin solinoyid, a tuƙa motar ana canza giya da hannu. L za ta ba da ta ɗaya, 2 ta ba da ta uku, D ta ba da ta huɗu. Idan kowacce ta kama da ƙarfi, baya ma ta shiga, to cikin giya lafiya lau, a koma kan waya da sensa da kwamfuta. Solinoyid ɗin nan om 11 zuwa 15 ya kamata mita ta nuna. Tsofaffin Toyota ba sa ma buƙatar na'urar bincike: a haɗa ramukan TE1 da E1 da guntuwar waya a soket ɗin bincike, a kunna makulli, a ƙirga ƙiftawar fitilar O/D OFF. Lamba 42 ko 61 sensar gudu ce, 62 da 63 solinoyid na ɗaya da na biyu, 64 na kulle konbata. Motocin da aka yi don kasuwar Amurka daga 1996 suna da soket na OBD-II, inda ake jona na'urar bincike a karanta lambar. Lambar dai layi take nunawa, ba hukunci ta yanke wa solinoyid ba, don haka a auna waya kafin a aika yaro sayen sabo.

Akwai kuma abubuwan da ke jikin inji amma ake ɗora wa giya laifinsu. Sensar totur ya kamata ta tashi sumul daga wajen bolt 0.5 zuwa 4 da wani abu. Idan tana tsalle, giya za ta riƙa kai-komo tsakanin ta uku da ta huɗu a hanyar Techiman. Kwamfutar Toyota kuma tana hana giya ta huɗu har sai ruwan inji ya kai wajen digiri 60, saboda haka lalatacciyar sensar zafi, ko al'adar nan ta cire tamostat, abin da ke daidaita zafin ruwan inji, wai don ƙasarmu da zafi, tana iya riƙe motar a ta uku da safiyar hunturu. Igiyar da ta tashi daga totur zuwa giya ita ke daidaita ƙarfin mai. Ta yi sako-sako, kuloci ya yi sulɓi ya ƙone a hawan Mampong da kaya. Ta yi tsauri, canji ya zo da duka. Bayan duk aikin da ya taɓa totur a sake duba ta.

Sai an gama waɗannan ne ake ɗaura ma'aunin ƙarfin mai a gefen giya, a buɗe kasko. Toka-tokar ƙura a jikin maganaɗisu ba komai ba ce, amma gutsattsarin ƙarfe ko ɓawon kuloci sun wajabta saukewa. 4L60E da ta rasa baya da ta biyu da ta huɗu lokaci guda, ƙoƙon ƙarfen da ke juya giyoyin nan ne ya karye, ba wayar da za ta gyara shi. Gwajin taka birki da totur tare kada ya wuce daƙiƙa 5, don mai yana ɗaukar zafi nan take.

Idan har ta kai ga sa wata giyar, a wanke bututu da mazubin sanyaya mai tukuna, in ba haka ba dattin tsohuwar zai shiga sabuwar. Konbata kuma a jikin giya ake fara zaunar da ita, ana juyawa ana turawa har ta shige matakanta duka. Idan aka ga giya ta ƙi haɗuwa da inji, kada a jawo ta da ƙusoshi. A sauke, a sake zaunar da konbata, domin ɗaurin dole yana fasa famfo tun ba a tayar da mota ba.