Darasi na Tara: Namun Dajin Duwatsun Azbin

Da yawa daga cikinmu mazauna Agege, Mile 12 da Idi-Araba a Legas daga Arewa muka zo, wasu kuma daga Nijar. Darasin yau zai kai mu can gaba da Agadas, ƙasar Abzinawa. Malami zai fara karantawa, sannan kowa ya karanta sakin layi ɗaya.

Azbin ƙasar duwatsu ce a tsakiyar hamada. Tsayin dutsen Bagzan ya haura mita 2,000. Ruwan sama kaɗan ne, wata shekarar ma da ƙyar ake ganinsa. Wanda ya sauka sai ya gangaro ta ƙoramu ya kwanta a kwari. A nan aduwa da bagaruwa da goruba suke tsira, a nan kuma barewa da ragon dutse suke samun abinci da inuwa.

A 1988 gwamnatin Nijar ta keɓe wani yanki na Azbin da hamadar Tenere, fiye da hekta miliyan 7, don kare dabbobi da itatuwa. UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin wuraren gadon duniya a 1991. Shekara ɗaya bayan haka aka ce wurin yana cikin haɗari.

Maharbin da, a ƙafa ko kan raƙumi yake bin sawu, ya kama ɗaya ya koma gida. Da mota da bindiga suka shigo, sai a kori garke a fili har dabbobin su gaji su faɗi. Ga fari ya zo ya ƙara. Dabbar hamada kuwa ba ta haihuwa da yawa. Mariri, mai farin jiki da dogayen ƙahoni masu lanƙwasa baya, ɗa ɗaya take haifa bayan wata takwas da 'yan kai. Haka aka yi ta kashe ta, har a shekarar 2000 aka bayyana cewa babu sauranta a daji. Sai a 2016 aka kwaso wasu daga inda ake kiwonsu aka sake su a ƙasar Cadi, kuma sun hayayyafa. Aiki ne mai cin kuɗi da shekaru, don dawo da abin da Allah ya ba mu kyauta.

Wani zai ce, ina ruwan mai shayi a Legas da barewar Azbin? Da ruwansa. Maharbi ba ya wahala sai don akwai mai saye. Dubi tabarmar wasu masu magani a bakin kasuwa: ga ƙaho, ga busasshiyar fata, ga gashin tsuntsu. Kowanne rai ne aka ɗauke daga wani daji. In an miƙo maka, ka ce, "Malam, na gode, ba na sayen wannan." In kana aika kuɗi gida, ka tambayi na gida ko ana sare ɗanyen itace don gawayi, ka ba su shawarar su tsinci busasshe.

Tambayoyi

1. A ina itatuwa suke tsira a Azbin?
2. Wace shekara aka mayar da mariri daji a Cadi?

Aikin gida

Tambayi wani dattijo a unguwarku sunayen namun daji uku da ya gani yana yaro, waɗanda yanzu ba a ganinsu a garinsu. Rubuta su a littafinka, ka zo da su aji na gaba.